Malami A Amurka, Ɗalibi A Ɗakinsa: Yadda A Ke Koyon Fiyanon Jaz Ta Intanet

Daga Wakilinmu Na Arewa

A ranar 8 ga watan Disamba na shekarar 2021 ne wani dattijo baƙar fata mai suna Barry Harris ya rasu a ƙasar Amurka, yana da shekara 91 da haihuwa. Shi dai wannan dattijo gwanin kiɗan fiyano ne, haifaffen birnin Ditiroyit, amma abin da ya fi fito da sunansa a wurin makaɗa shi ne koyarwa. Shekara da shekaru ya yi yana buɗe aji sau ɗaya a kowane mako a birnin Niyu Yok, inda kowa ke iya shiga ya zauna bayan ya biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ko gwani ne shi ko kuwa sabon shiga. Da annobar korona ta sauka a 2020 aka hana taruwar jama'a, sai tsohon nan ya ƙi ajiye sana'arsa, ya mayar da ajin nasa kan Zoom, ya ci gaba da karantar da ɗalibai daga ƙasashe dabam-dabam, kowa yana zaune a ɗakinsa.

Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mai karatu irin sauyin da aka samu a wannan fage. A da, duk wanda ya ke son ya ji ta bakin malami irin Harris, tilas ne ya nemi fasfo da biza da kuɗin jirgi, sa'an nan ya yi tanadin abin da zai ci a baƙuwar ƙasa. Yau kuwa saurayin da ke Fagge a Kano, ko Agege a Legas, ko Sabo a Badun, muddin yana da wayar hannu da data, zai iya kallon yatsun manyan gwanayen duniya kusa da kusa, fiye ma da wanda ya sayi tikitin kujerar gaba a gidan wasa. To, amma shin mutum zai iya zama makaɗin jaz na sosai ta wannan hanya, ko kuwa zai ƙare ne da ɓarnar kuɗi da lokaci? Amsar tana da rassa, kuma ba za a gane ta ba sai an san shi kansa kiɗan da yadda na da suka koye shi.

MENE NE JAZ?

Jaz kiɗa ne na baƙaƙen fatar Amurka, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. Ya tsiro ne a birnin Niyu Olins na jihar Luwiziyana wajen farkon ƙarni na 20. A wannan birni akwai wani fili da a ke kira Dandalin Kwango, inda a ƙarni na 19 a kan bar bayi su taru ranar Lahadi su yi kaɗe-kaɗe da raye-rayen da suka gada. Daga baya aka gauraya wannan gado da waƙoƙin coci, da bushe-bushen soja, da wani kiɗan baƙin ciki na ma'aikatan gona da a ke ce wa buluz, da kuma salon fiyanon nan na ragtayim wanda Scott Joplin ya fito da shi fili a 1899. An ɗauki faifan jaz na farko a Niyu Yok a 1917, ko da ya ke, abin mamaki, Turawa ne aka fara ɗauka, alhali kuwa masu abin suna nan.

Babban abin da ya raba jaz da kiɗan Turawa na gargajiya shi ne ƙirƙira nan take. Makaɗa su kan fara da buga karin waƙar da kowa ya sani sau ɗaya, sa'an nan kowannensu ya karɓa bi da bi, ya ƙaga nasa sabon kari a kan ginshiƙin waccan waƙa, ba tare da ya rubuta ko ya shirya ba. Idan aka buga waƙa ɗaya yau aka sake buga ta gobe, ba za ta fito iri ɗaya ba. Bahaushen da ya san yadda marigayi Alhaji Mamman Shata ke tsayawa gaban jama'a ya ƙera baiti a take, 'yan amshi da masu kalangu suna riƙe masa gindin waƙa, ba zai sha wuyar gane wannan tsari ba.

Shi kuwa fiyano, wani Ba'italiye ne mai suna Bartolomeo Cristofori ya ƙago shi a birnin Filorens wajen shekarar 1700. Cikakken fiyano yana da maɓallai 88, farare 52, baƙaƙe 36. A ƙungiyar jaz aiki uku ne a kan mai fiyano lokaci guda: yana riƙe da taku tare da mai ganguna, yana shimfiɗa wa masu busa sautin da za su hau, sa'an nan in layi ya zo kansa ya ƙaga nasa. Sabo da haka ne a ke ganin koyonsa ya fi na sauran kayan kiɗan ɗaukar lokaci.

YADDA NA DA SUKA KOYA

Masu sukar koyon kiɗa ta intanet su kan ce wai na'ura ba ta koyar da jaz. Tarihi bai goyi bayansu ba gaba ɗaya. Tun kafin rediyo ta yaɗu akwai wani irin fiyano mai buga kansa, wanda a ke sa wa naɗaɗɗiyar takarda mai huje-huje, tana juyawa maɓallan suna nutsewa da kansu. Duke Ellington, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan jaz na duniya, yana saurayi a birnin Washintan ya sami irin wannan takarda ta wani kiɗa na James P. Johnson mai suna Carolina Shout, ya rage mata gudu, ya riƙa ɗora yatsunsa a kan maɓallan da ke nutsewa har ya haddace kiɗan duka. Waɗanda suka biyo baya kuma da faifan garmaho suka yi ta fama, suna ɗaga allura suna mayarwa baya har faifan ya sude. Erroll Garner, wanda ya tsara sanannen kiɗan nan Misty a 1954, har ya bar duniya bai iya karanta rubutun kiɗa ba, da kunne ya koyi kome.

Amma fa na'urar rabin makaranta ce. Ɗaya rabin yana wurin zama da manya. A unguwar Harlem ta Niyu Yok akwai wani gidan rawa mai suna Minton's, inda a farkon shekarun 1940 Thelonious Monk ke riƙe da fiyano, makaɗa su taru bayan sun tashi daga aiki su yi ta gwada juna har asuba. A nan ne aka ƙera sabon salon nan mai sauri da a ke kira bibof. Gidan wata gwanar fiyano mai suna Mary Lou Williams shi ma ya zama kamar zaure, su Monk da Bud Powell suna zuwa ana musayar dabaru. Wannan makaranta ba ta da sassauci. Labarin da a ke bayarwa shi ne, a tsakiyar shekarun 1930 a birnin Kansas, Charlie Parker yana ɗan yaro ya shiga cikin manya da busarsa ya rikice, sai mai ganguna ya cire faifan tagullarsa ya jefa masa a ƙafa, jama'a suka yi dariya. Yaron ya tafi ya duƙufa, ya dawo ya gagari kowa.

Sannu a hankali ilmin ya shiga aji da littafi. An kafa makarantar da a yanzu a ke kira Kwalejin Kiɗa ta Berklee a birnin Bostan a 1945. A 1967 wani malami mai suna Jamey Aebersold ya fara fitar da fayafayai waɗanda a ke jin ganguna da sauran kayan rakiya a ciki amma aka bar wa ɗalibi gurbinsa, don ya yi ta gwaji a gida, har suka wuce kundi 100. A tsakiyar shekarun 1970 kuma waɗansu ɗaliban Berklee suka tattara ɗaruruwan waƙoƙi a littafi ɗaya da suka sa wa suna The Real Book, aka yi ta sayar da shi a ɓoye don ba su biya masu haƙƙi ba, sai a 2004 wani kamfani ya fitar da halattaccen bugu. Ke nan intanet ta zo ne ta tarar da hanya a share.

ABIN DA KE CIKIN KASUWAR

Darussan da ke intanet sun kasu kashi huɗu. Na farko su ne na kyauta, galibinsu a YouTube, wadda aka buɗe a 2005. A nan a kan kafa kyamara a saman fiyano ta yadda ɗalibi zai ga hannuwan malami biyu, wani lokaci ma a sa maɓallan da aka danna su riƙa canza launi. Mutum na iya rage gudun hoton zuwa rabi ko rubu'i ba tare da sautin ya sauka ba, abin da masu garmaho ba su samu ba, domin su in sun rage gudu sai muryar kiɗan ta yi ƙasa. Akwai tsofaffin hotunan ajin Barry Harris da dama a can.

Kashi na biyu su ne makarantun da a ke biya wata-wata ko shekara-shekara, waɗanda suka jera darussa daki-daki tun daga matakin farko. Misali shi ne Open Studio, wadda wani makaɗin fiyano mai suna Peter Martin ya kafa a birnin Sen Luwis. Herbie Hancock ya ɗauki jerin darussa a MasterClass, haka nan marigayi Chick Corea ya buɗe tasa makarantar ta intanet a lokacin kullen korona, kafin rasuwarsa a watan Fabrairu na 2021. Kashi na uku na manyan makarantu ne masu ba da takardar shaida. Berklee ta buɗe reshenta na intanet tun 2002, kuma a 2013 ɗaya daga cikin manyan malamanta, Gary Burton, ya fara koyar da ƙirƙira nan take a Coursera. Na huɗu shi ne malami ɗaya ɗalibi ɗaya, ido da ido ta Zoom ko WhatsApp. Wannan ya fi kowanne tsada, shi ne kuma ya fi kusa da karatun zaure, domin malami zai ji ka ya gyara maka.

Ban da waɗannan akwai manhajoji na taimako, irin su iReal Pro, wadda ke buga wa ɗalibi ganguna da rakiya a kowane gudu ya ke so, watau aikin fayafayan Aebersold ke nan ya koma cikin waya.

ABIN DA A KE KOYARWA

Domin mai karatu ya san abin da zai tarar, bari mu ɗan leƙa cikin darasin. Duk yawan maɓallan nan 88, sauti 12 ne kawai ke maimaita kansu daga ƙasa zuwa sama, bakwai farare, biyar baƙaƙe. Fararen an sa masu sunayen haruffa daga A zuwa G. Kowane ɗaya daga cikin 12 ɗin nan yana iya zama gidan da waƙa za ta zauna, sabo da haka duk abin da ɗalibi ya koya a gida ɗaya, malamin kirki zai sa shi ya maimaita a sauran 11. A nan ne masu gaggawa su kan fara zamewa.

Daga nan sai dunƙulen sauti, wanda makaɗa ke ce wa kod, watau sauti uku ko huɗu ko fiye da a ke dannawa tare. Akwai wani jeri na dunƙule uku da a ke kira biyu, biyar, ɗaya, wanda kusan babu tsohuwar waƙar jaz da ba a samunsa a ciki. A gidan C, na farkon shi ne D, F, A, C. Na biyun G, B, D, F. Na ukun C, E, G, B. Sirrin da malamai ke nunawa shi ne, ba sai an danna duka huɗun ba. Hannu ya riƙe F da C kawai, sai C ta sauko B, sa'an nan F ta sauko E. Yatsa ɗaya ne ke motsi a kowane mataki, taku ɗaya tak, amma kunne zai ji tafiyar ta tashi daga waje ta iso gida. Ɗalibin da ya iya wannan a gidaje 12 ba tare da ya tsaya tunani ba ya riƙe mabuɗin ɗaruruwan waƙoƙi.

Sai siffar waƙa. Buluz gaɓa 12 gare shi, ana zagayawa ana komowa. Yawancin sauran tsofaffin waƙoƙin gaɓa 32 ne, an raba su takwas-takwas gida huɗu: na farko, a maimaita shi, a kawo wani dabam a matsayin gada, a koma na farkon. Dole mai ƙirƙira ya san inda ya ke a cikin wannan zagaye ko da idonsa a rufe, in ba haka ba zai ɓata, kamar yadda Parker ya ɓata.

Abu mafi wuyar bayani shi ne rangajin nan da su ke kira suwin. Ana raba kowane bugu biyu, na farko ya ɗan fi tsawo, na biyu ya gajarta, a kuma jingina nauyi a kan bugu na biyu da na huɗu. Ana iya rubuta wannan a takarda, amma rubutun ba ya kama shi daidai. Shi ya sa duk malamin da ya san abin da ya ke yi zai ce wa ɗalibi ya zaɓi faifai ɗaya, ya saurara har ya iya rera abin da aka buga da baki, sa'an nan ya neme shi a kan fiyano da kunnensa. Faifan da Ahmad Jamal ya ɗauka a otal ɗin Pershing na Shikago a 1958, wanda ya yi kusan shekara biyu ko fiye cikin jerin waɗanda aka fi saye, yana cikin waɗanda a kan ba sabon shiga shawarar ya fara da su, don mutumin ba ya cika hayaniya, ya kan bar fili tsakanin sauti da sauti.

INDA INTANET TA GAZA

Matsala ta farko ita ce yawa. Mai koyo zai buɗe waya ya tarar da dubban darussa, kowanne da take mai jan hankali, wannan ya ce zai sa ka zama gwani cikin kwana bakwai, wancan ya ce ga sirrin da aka ɓoye maka. Sai mutum ya kalli goma a dare ɗaya, ya ji kamar ya ƙaru, alhali yatsunsa ba su taɓa maɓalli ba. Kallon darasi na minti goma yana iya bukatar gwajin mako biyu kafin ya zauna a hannu, kuma babu wanda zai tsare ka ya ga ka yi.

Ta biyu, hoton da aka riga aka ɗauka ba ya jin ka. Idan kana saurin wuce taku, ko kana ƙanƙame wuyan hannu ta yadda nan gaba zai jawo maka ciwo, malamin da ke cikin waya zai ci gaba da murmushi yana yaba maka. Kuskuren da aka maimaita wata shida kuwa ya fi wuyar cirewa bisa ga koyon sabon abu.

Ta uku ita ce babba, kuma ba laifin kowa ba ne. Jaz hira ce tsakanin makaɗa, amma ba a iya buga kiɗa tare daga nesa mai yawa. Masana sun nuna cewa in jinkirin sauti tsakanin makaɗa biyu ya wuce wajen kashi 30 cikin 1,000 na daƙiƙa, taku ya kan fara watsewa, kowa yana jiran ɗan'uwansa. Tsakanin Legas da Niyu Yok akwai wajen kilomita 8,500, saƙo kuma yana gudun wajen kilomita 200,000 a daƙiƙa a cikin wayar gilashin da ke ƙarƙashin teku. Ko da an ja wayar a miƙe ba tare da wani tsaiko ba, jinkirin ya wuce kashi 40 tun kafin a sa na na'urori. Don haka malami da ɗalibi sai dai su yi karɓa-karɓa, wannan ya buga wancan ya saurara. Rakiyar manhaja kuwa ba ta amsa maka, ko ka yi abin kirki ko ka yi shirme haka za ta ci gaba.

Duk da haka ba a rasa waɗanda suka fito daga nesa ba. Joey Alexander, wanda aka haifa a tsibirin Bali na Indunusiya a 2003, ya fara ne yana ɗan shekara shida da wani ƙaramin fiyanon lantarki da mahaifinsa ya kawo gida, yana bin fayafayan uban da kunne. A YouTube Wynton Marsalis ya gan shi, ya gayyace shi Niyu Yok a 2014, kuma faifansa na farko ya fito a 2015 yana da shekara 11. Sai dai a lura, tun yana ƙarami a ke kai shi yana zama cikin manyan makaɗa a Bali da Jakarta suna bugawa tare.

MU DA JAZ

Wannan kiɗa ba baƙo ba ne a Nijeriya. A watan Oktoba na 1960, watan da aka sami mulkin kai, Louis Armstrong ya zo ƙasar nan da kakakinsa, har akwai hotonsa tare da Firimiyan Jihar Arewa, Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, a Kaduna. Gwanin fiyano Randy Weston ya zo Legas a 1961, ya yi abota da Bobby Benson, ya kuma dawo bikin FESTAC a 1977. Fela ya tafi Kwalejin Kiɗa ta Trinity a Landan a 1958, kuma da jaz ya fara kafin ya ƙera nasa salon. Mai busa Yusef Lateef ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya yi nazarin sarewar Fulani. Daɗin daɗawa, wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Gerhard Kubik, ya fitar da littafi a 1999 inda ya kawo hujjojin cewa da yawa daga cikin siffofin buluz sun fi kama da waƙoƙin yankinmu na sarari, daga Mali zuwa arewacin Nijeriya da arewacin Kamaru, bisa ga na bakin teku. Wanda ya ke son ya ɗanɗana wannan, ya bi baƙaƙen maɓallan nan biyar kaɗai, zai ji wani tsani da kunnensa ya saba da shi a waƙoƙin gida.

Makarantun kiɗan zamani kuwa yawancinsu a Kudu su ke. Jami'ar Nsukka ta buɗe sashen kiɗa tun 1961, Peter King ya kafa kwalejinsa a 1982 wadda ke Badagiri, ƙungiyar MUSON ta Legas kuma an kafa ta a 1983. A Arewa, tun shekarun 1990 da finafinan Hausa suka bunƙasa, fiyanon lantarki na Yamaha ya zama jigon ɗakunan ɗaukar waƙa a Kano da Kaduna da Jos, kuma samari da yawa sun koye shi ta hanyar zama kusa da maigida suna kallon hannunsa. Waɗannan su ne suka fi kowa bukatar darussan intanet, su ne kuma za su fi saurin cin moriyarsu, tun da ya ke kunnensu ya riga ya buɗe. Sai dai akwai ɗabi'u biyu da za su bari: dogara ga rakiyar da injin ke bugawa da kansa in an danna yatsa ɗaya, da kuma maɓallin nan da ke ɗaga waƙa zuwa wani gida alhali hannu yana inda ya saba. Duka biyun suna hana hannun hagu girma, jaz kuwa da hannun hagu a ke gina shi.

Akwai kuma wani amfani da ba a cika faɗa ba. Iyaye da yawa ba su ƙi ɗansu ya iya kiɗa ba, wuraren da a ke koyonsa da dare ne ba su so. Darasin waya ya kawar da wannan, har ga 'yan mata, domin a tsakar gida za a yi shi gaban kowa.

KAFIN A KASHE KUƊI

Ƙaramin fiyano mai maɓallai 61 ya isa a fara da shi, amma bayan shekara ɗaya ko biyu za a bukaci mai 88 wanda maɓallansa ke da nauyi, domin da nauyin ne a ke koyon bugu mai taushi da mai ƙarfi. A nemi abin takawa na ƙafa mai tsawaita sauti, da abin sawa a kunne don zaman lafiya da maƙwabta. Mai aiki da batir ya fi dacewa da halin wutarmu. Fiyanon katako kuwa, ban da tsada, hunturu na busar da shi ya ɓata masa murya, masu gyaransa kuma ba su da yawa.

Makarantun waje da dala su ke karɓa, kuma kowa ya san yadda naira ta faɗi tun 2023. Sabo da haka hikima ita ce a fara da na kyauta, a zaɓi malami ɗaya a bi shi wata uku ba tare da waiwaye ba, in an ga jiki ya ɗauka sa'an nan a biya. A sauko da darussa cikin waya lokacin da data ke da araha, maimakon a riƙa kallonsu kai tsaye kullum. Mai son aji na ido da ido ya tuna cewa Niyu Yok tana bayanmu da awa biyar ko shida gwargwadon lokacin shekara, watau ajin ƙarfe bakwai na yamma a can, sha biyun dare ne ko ƙarfe ɗaya a nan. Rabin awa kullum ya fi awa biyar ranar Lahadi kaɗai. Ɗalibi ya riƙa ɗaukar kansa da waya yana saurara, kuma ko sau ɗaya a wata ya sami wani wanda ya fi shi, a nan gida ko ta Zoom, ya ji shi ya gaya masa gaskiya.

Amsar tambayarmu ke nan. Intanet za ta ba mutum ilmin da su Ellington suka yi ta wahalar tsinta, har da ƙari, a kan kuɗi kaɗan. Abin da ya rage shi ne wurin zama da abokan bugu, wannan kuwa sai mu tanada da kanmu. Hukumar UNESCO ta keɓe ranar 30 ga Afrilu ta kowace shekara a matsayin Ranar Jaz ta Duniya tun 2011. Zai yi kyau hukumomin al'adu na jihohinmu, da jami'o'i, da gidajen rediyo, su fara daga wannan rana, su ba samarin nan ɗaki ɗaya mai wuta da fiyano da ganguna ko da yamma ɗaya ce a mako, a kuma gayyato masu kalangu da goge da sarewa su zauna tare da su. Kuɗin da wannan zai ci bai kai na biki guda ba, kuma ba a san wanda zai fito daga ciki ba.